Tafinta da Ƙwan Agwagwa

Talata, ƙarfe goma na safe

Malama ta ce sai an sa rana da lokaci a sama, wai haka ake yi. Shekara talatin tana rubuta kwanan wata a allon makaranta, yanzu ta bar aiki ta rasa inda za ta sa shi sai a kaina. To sa. Ni ko alif ban sani ba, bare in duba ko abin da na faɗa ne kike rubutawa.

Wannan littafin nawa ne. Na farkon na 'yata Auta ne, ita ta sayo shi ta ce in zauna da ke in faɗi duk abin da na sani kan ƙyanƙyasar ƙwan agwagwa. Kika rubuta, ta ɗauka ta tafi da shi wurin aikinsu. Wannan ba mai ɗauka. A ɗakinki zai kwana.

Jiya Auta ta dawo da wari. Tun tana bakin ƙofa na ji shi, ban tambaye ta ba. Baragurbi ne. Wanda ya shekara arba'in da agwagi ba a gaya masa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ƙwai ɗari huɗu, Malama, a injin da ta yi wa aiki, a gonar wata mata. Duk sun mutu a ciki. Aka kwaso su a kwali aka kawo musu ofis don su gani da idonsu, ɗaya ya fashe a gaban rigarta.

Na wanke rigar sau uku. Har yanzu ina jin sa a farcena. Tir.

Laraba, bayan la'asar

Kin ce ba ki gane aikin nata ba. Ni ma ba ganewa na yi ba, amma ga yadda ta yi min bayani.

Injin akwati ne kamar firji, ana jera ƙwai a ciki. A bayansa akwai wani ɗan abu bai fi akwatin ashana ba. A cikin ɗan abin nan wai akwai tafinta. Na ce mutum? Ta yi dariya ta ce a'a Inna, suna ne kawai. Mai gona zai rubuta abin da yake so layi layi da sauƙaƙan kalmomi, tafintan ya karanta layi ɗaya, ya sa injin ya yi, sannan ya sauka layi na gaba. Amma kalmomin da ya iya ba su fi yatsun hannu ba. Zafafa. Juya. Jira. Kunna fanka. In aka rubuta masa wadda bai sani ba sai ya tsaya ya ce bai san ta ba, kamar baƙo a kasuwa.

To aikin Auta shi ne koya masa sabuwar kalma. Ta ce sai ta shiga can ƙasa ta rubuta abin da ainihin yaren injin, mai wuyar nan, ta raɗa masa suna, ta shigar da sunan cikin jerin da tafinta yake dubawa, ta faɗa masa abin da zai riƙa wa umarnin a hannu in ya aike shi. Ta ce kowane umarni ɗan aike ne. Tafinta zai aike shi, ya tsaya a bakin ƙofa, ba ya motsi sai ya dawo ya ce na gama.

Na ce ashe tafintan naki wawa ne. Ta ce sosai ma Inna, shi ya sa ake yarda da shi.

Injinsu yana ƙyanƙyashe na kaza lafiya lau, na agwagwa ne ya gagare su. Dole ya gagare su. Agwagwa ba kaza ba ce. Ita kullum sai ta tashi daga kan ƙwai ta je ta yi wanka, ƙwan ya sha iska, ta dawo da jiƙaƙƙen ciki ta kwanta. Shi ne Auta ta ƙara umarni biyu daga bakina. Ɗaya yayyafa. Ɗaya sha iska: daga kwana na goma, kullum a kashe zafi, a buɗe 'yar tagar injin, sai ƙwai ya huce a rufe.

Shekara arba'in ɗina ke nan. Kalma biyu.

Alhamis, da hantsi

Auta ba ta ci komai ba ta fita. Shayin yana nan ya yi fata.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Yau mai gidan aikinsu ya zo har nan. Mai Turare nake ce masa. Kin ji shi ai, har ɗakinki ƙamshin ya kai, ba sai na gaya miki ba. Mutum sai ka ce an ɓarar da shago a kansa. Ya zo da Dogo, wanda yake haɗa musu wayoyin injin, shi ko zama bai yi ba, ya jingina da bango yana danna waya.

"Mama, ina wuni, ya ƙarfin jiki?"

Na ce jiki alhamdu lillahi. Mama. Ranar da Auta ta kai ni ofishinsu ma haka ya yi ta Mama, Mama. Ya zaunar da ni a ɗakin nan nasu mai injin sanyi har haƙorana suna haɗuwa, ya ce ni ce taskarsu. Da na fara magana sai ya juya yana amsa waya. Da aka buga kwalin injin kuma, hoton wata tsohuwa suka sa, fara tas, haƙora a jere kamar na 'yar tsana, tana rungume da agwagwa yadda ba mai hankalin da zai riƙe agwagwa haka sai in yana son kashi a zani. Auta ta ce ba ma mutum ba ce, kwamfuta ce ta zana ta. A ƙasa an rubuta wai hikimar iyayenmu. Ni an ce fuskata ba ta hoto ba ce. Ba a gabana aka faɗa ba, amma na ji.

Yau dai ba Mama ta kawo shi ba. Ya ce wa Auta matar gonar ta yarda a sake gwadawa sau ɗaya, jibi za a zuba sabon ƙwai a injin nan dai. In waɗannan ma suka mutu, to shi ba shi da yadda zai yi, sai ta ajiye aikin, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili zai faɗa.

Auta ta ce, "Ranka ya daɗe, ma'aunin zafin ma ai ba a duba shi ba."

Dogo ya ɗago. "Ma'aunina lafiyarsa ƙalau. Shekara uku injin nan yana aiki, sai da aka cusa masa maganganun tsofaffi ya haukace."

Ya faɗa yana kallon bango, ba ni ba. Na ce, "Samari, tsofaffin ne suka ƙyanƙyashe ka ai, ga shi kuwa an samu baragurbi."

Mai Turare ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Auta ta ce Inna don Allah. Suka tafi suka bar min ƙamshi a kujera. Na fitar da ita rana.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Yau aka zuba. Kwana ɗaya ke nan. Sai ranar Laraba ta sama tafinta zai kai layin shan iska.

Ban ce ki ƙirga min ba. Na iya ƙirga kwanan ƙwai tun ba a haifi shugaban makarantarku ba.

Talata, bayan azahar

Ta kwaso ɗan abin nan mai kamar ashana ta kawo gida, da wayoyi ja da baƙi, ta baza a kan teburin cin abinci. Nan take wuni in ba ta je ofis ba. Ta aiki umarnin, ya dawo. Ta sake aika, ya dawo. Ta ce a ofis sau ɗari biyar ta gwada shi da injin gaske, bai taɓa ƙin dawowa ba, minti goma sha biyu ƙwai ya huce ya rufe taga. Yanzu wai tana zargin ko yayyafa ne yake zubar da wani abu a cikin ƙwaƙwalwar tafinta kaɗan kaɗan har ta cika. Tana bin rubutun layi layi da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Idonta ya faɗa. Yarinyar da na haifa da kumatu.

Ta ce, "Inna, ruwan da kike yayyafawa, mai ɗumi ne ko?"

Na ce mai ɗumi.

"Babu dai wani abin da kika manta?"

Na ce me zan manta. Na tashi na shiga kicin. Tukunyar ma ba ta son komai, na dai buɗe na rufe.

Laraba, da hantsi

Bari yau in ba ki tsohon labari, na gaji da na injin.

Gwaggona ce ta koya min. A bayan gidanta akwai kududdufi, agwaginta sun fi sittin. In agwagwa ta gudu ta bar ƙwai, ko mota ta take ta, sai mu kwashe mu sa a akwatin katako da fitilar kananzir a ƙasa, mu zama mu ne uwar. Ba ma'auni ba komai. Sai ki ɗauki ƙwai ki ɗora a fatar idonki, ki rufe idon. In kin ji ɗumi, da saura. In kin ji shi shiru, ba zafi ba sanyi, kamar ba a ɗora miki komai ba, to ya sha iska, mayar da shi.

Gwaggo ba ta bayani. Hannunta ne yake bayani, a ƙeya. Sai da na sha rankwashi ya fi ɗari kafin fatar idona ta yi hankali. Abin da ban iya ba ta bar ni in lalata, in kwashe ruɓaɓɓen da hannuna, in binne. Ba wanda ya zaunar da ni a kujera ya ce faɗi mu rubuta.

Da na gaya wa Auta zancen fatar ido, sai ta kawo ma'auni. Na ɗora ƙwai a ido na ce yanzu, ta manna masa ma'aunin ta rubuta lamba. Sau goma muka yi, a ɗakin nan nasu mai sanyi. Ta ce shi ke nan, ta samu idona a lamba. Murna take yi. Ni kuwa ji na yi kamar an ƙwaƙule shi an sa a kwalba.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

A'a. Kar ki tuna min abin da ke littafin farko. Na san ke kika rubuta, na san kina da ƙwaƙwalwa. Auta ta yi tambaya na ba ta amsa, shi ke nan. Rufe, yau ba na jin magana.

Juma'a, da safe

Zafi ya dawo. Tun ƙarfe takwas zanina ya manne min a baya.

Asabar, bayan la'asar

Na bi su gonar. Ni na ce zan je, Auta ta ce me za ki yi a can Inna, na ce ido zan ba abinci. Dogo ne ya tuƙa.

Malama, ɗakin da suka sa injin. Kwano sama, kwano gefe, taga ɗaya ita ma an toshe ta da buhu saboda ɓeraye. Ina sa ƙafa na ji kamar an kifa min tukunya. Ƙudaje ko'ina, ga ramin da suka zuba ragowar na farkon a bayan ɗakin, ba su ma binne da kyau ba, karnuka sun tone. Na toshe hanci da mayafi. Mutanen da ba su iya binne ƙwai ba su ne za su yi kiwon agwagwa. Allah wadai.

Auta da Dogo suka duƙufa a bayan injin suna musu a kan ma'auni. Na fito na zauna a inuwa. Akwai wata dattijuwa mai share musu wurin, kusan sa'ata, ta kawo min ruwa. Muka taɓa hira. Ta ce wancan karon ma irin wannan zafin aka yi, har ya fi. Sai ta rage murya ta ce, "Yaya, ni dai na ga wani abu ban faɗa ba, kar a ce na taɓa. 'Yar tagar nan ta injin, kwana biyu cur na gan ta a buɗe. Ba ya juya ƙwan, ba ya komai, fitilarsa dai tana ci. Na ce ko haka aikinsa yake. Rana ta uku aka ɗauke wuta, da aka tada janareta sai ya rufe ya ci gaba kamar ba shi ba."

Na ce Allah ya kyauta.

A irin ɗakin nan, a irin ranar nan, ko shekara za ka yi kana jira ƙwai ba zai huce ya kai yadda ido yake so ba. Iskar da za ta hutar da shi ita kanta ta fi shi zafi. Wannan ko agwagwar da aka ƙyanƙyashe jiya ta sani.

Da za mu taho Auta ta ce, "Inna, kin ga wani abu?"

Na ce na ga ƙazanta.

Lahadi, da rana

Kwana bakwai. Bakina ɗaci, ko ruwa na sha sai in ji warin ramin nan.

Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya

Ke Malama, ba aikinki ba ne. An ce ki rubuta, ba a ce ki yi min wa'azi ba. Ni ba 'yar ajinki ba ce.

To rubuta abin da kika ce ɗin, tunda kina so. Ta ce wai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bare wadda ka haifa. Ta ce wai Mai Turare nake so in mara amma kumatun Auta nake samu. Ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Na ce ki faɗa mana, ki ga ko za ki ƙara shan shayina.

Kin san me ya fi ba ni haushi? Da an ce injin ya yi aiki, da yanzu tsohuwar kwalin nan ce ta iya. Kowa ya sayi akwati ya danna, ya zama gwanin agwagwa, ba rankwashi, ba binne ruɓaɓɓe, ba komai. Ni kuma a ce min Mama sannu, a ba ni lemo. Mutum bai isa ya rage ko abu ɗaya a hannunsa ba? Ɗaya tak. Ban ce ƙwai ɗari huɗu su mutu ba. Na ɗauka injin zai ɗan yi tuntuɓe ne, a dawo a ce Mama, ya ake yi.

Ba a dawo ba. Ita aka kama.

Ban ce na yi wani abu ba. Kar ki rubuta kamar na ce.

Talata, bayan azahar

Da safe na same ta a tebur ta kifa kai a kan kwamfuta. Ta ce ta cire yayyafa gaba ɗaya, gobe za a bar sha iska kaɗai, tunda shi ne bai taɓa ba ta matsala ba. Haka ta ce. Shi ne bai taɓa ba ta matsala ba.

Na zauna. Na ce, "Auta, ɗan aiken naki, in ya je bai samu abin da aka aike shi ba fa?"

Ta ce, "Wanne?"

"Mai shan iska. In ƙwan ya ƙi hucewa."

"Ai kin ce yakan huce."

Na ce, "Ranar zafi ba ya hucewa. Agwagwa ba ido take sa masa ba. In ta gama wankanta ta ci abin da za ta ci, komawa take yi, ya huce ko bai huce ba. Mu ma haka. In an buɗe akwati aka gama aikin tsakar gida, rufewa ake yi."

Ban kalle ta ba. Na gaya mata abin da mai shara ta ce, zancen taga kwana biyu. Ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, a hankali, kamar ba da ni take ba, "Yana tsaye a bakin ƙofa. Kwana biyu yana jiran lambar da ba za ta zo ba. Ni kuma ina gwadawa a ɗaki mai sanyi."

Na jira ta yi ihu. Da ta yi da na ji daɗi.

Sai ta ce, "Minti nawa?"

Na ce ni ina na san minti. Aikin tsakar gida dai. A zubar da ruwan daron agwagi, a wanke shi, a cika, a share gaban akurki.

Ta tashi ta ɗauko daron wanki da tsintsiya ta ajiye a gabana. Ta ce, "Yi."

Kin gan mu ai ta taga, kar ki ce ba ki leƙa ba. Ni da tsufana ina wanke daron da ba agwagwa, ina share gaban akurkin da babu, 'yata tana tsaye da waya tana auna ni. Sau uku ta sa na yi. Gwiwata har ƙara take. Ta ce minti talatin da ɗaya, talatin da huɗu, talatin da uku.

Na ce, "Rage. Lokacin ina da ƙafa. Cire kashi ɗaya cikin uku."

Ta ce ashirin da biyu ke nan. Na ce sa ashirin, Gwaggo tana tsaye a kaina a lokacin.

Ta koma tebur. Ta ce yanzu tafinta zai riƙa wa ɗan aiken abu biyu a hannu, lambar hucewa da iyakar lokaci, duk wanda ya riga zuwa ya rufe taga ya dawo. Kuma in ya dawo sai ya faɗi wanne ne ya dawo da shi. Ta mayar da yayyafa wurinsa. Layi shida ta ƙara, na ƙirga da ido. Layi shida, Malama.

Ta kunna risho a kicin ta rufe ƙofa da taga, ta kai ɗan abin can ta gwada a cikin zafin. Ta fito sharkaf da gumi ta ce ya dawo.

Tana sa takalmi za ta tafi gonar ta tsaya, ta ba ni baya. Ta ce, "Inna, ranar da na tambaye ki a gaban Malama ko ƙwai kullum yana hucewa, kin sani?"

Abin da na ce mata ba na littafi ba ne. Ajiye biron.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Kwana goma. Zafin yau ya fi na jiya. Tun safe tana can, ta ce a gaban injin za ta zauna ta ga tagar da idonta.

Ba ta kira ba. Na share tsakar gida sau biyu.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi

Ta turo miki saƙo ke, ba ni ba. Karanta min kuma. "Ya rufe a minti ashirin." Shi ke nan? Ba gaisuwa? To.

Juma'a, da hantsi

Tana gaishe ni, tana cin abinci, tana wanke kwanonta da kanta. Da ni nake wankewa.

Litinin, bayan la'asar

Jiya suka haska ƙwan da tocila. A cikin ɗari huɗu, ashirin da ɗaya ne ba komai a ciki, wannan kuwa ko a ƙarƙashin uwa ana samu. Sauran duk da jijiya, suna motsi. Saura kwana goma sha uku su fasa, amma wanda ya kai nan da rai na san ƙarshensa. Aikinta ya tsira.

Dogo ne ya kawo ta gida, har ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, abin da bai taɓa yi ba. Shi ya ba ni labarin taron da suka yi. Wai Mai Turare ya ce a faɗa masa takamaimai laifin waye, don ya san abin da zai gaya wa matar gonar. Auta ta miƙe ta ce nata ne. Ta ce ta rubuta umarni mai jira ba ta sa masa iyaka ba, kuma ba ta gwada shi a ɗaki mai zafi ba, wannan kuskuren mai rubutu ne ba na kowa ba. Ya ce tsohuwar ba ta faɗa miki ba ne? Ta ce, ban tambaye ta ba.

Ta tambaya, Malama. Kina wurin. Ke kika rubuta.

An ba ta takardar gargaɗi, an sa a fayil ɗinta. Dogo yana ba ni labari yana yaba mata, wai mace mai gaskiya. Na ce ya tashi ya tafi kafin in yi amai a takalminsa. Ya ɗauka da shi nake.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Yau da littafin farko ta zo, ta ce in kira ki ki zauna. Wai akwai umarni na uku da za ta ƙara, na kwanakin ƙarshe, lokacin da ake daina juya ƙwai a ƙara masa laima. Kin ji yadda muka yi.

"Inna, kwana nawa ake daina juyawa?"

Na ce in ya rage uku.

"In kuma an ji yana kuka a ciki tun kafin nan fa?"

Na ce a daina a ranar.

"In ɗakin da zafi fa? In da sanyi fa? In an ɗauke wuta fa?"

Duk na faɗa mata. Har abin da ba ta tambaya ba na faɗa, zancen ɗan agwagwar da ya fasa ƙwai ta gefen da ba nan ake fasawa ba, da wanda ake taimaka wa da farce da wanda in ka taɓa shi ka kashe shi. Na zazzage mata kaf, ban rage ko ƙwayar gero ba. Ta rubuta. Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne.

Ta ce, "Shi ke nan, Inna?"

Na ce shi ke nan.

Ta ɗan jira. Ta ce, "Shi ke nan?"

Haka za ta riƙa yi min yanzu, na gane. Kowace tambaya sau biyu. Na amsa mata sau biyu.